Lido Nawa Ne a Ɗakinki?

  Wadda ke kan girki ta rage wuta kada tuwo ya kama, wadda ke kitso ta ci gaba da kitsonta, kunne kawai nake roƙo.

Yau da tambaya zan fara. Ke 'yar'uwa, in na ce miki kwanukan da ke jere a ɗakinki nawa ne, na san ba sai kin tashi kin duba ba. Ko cikin dare aka tashe ki za ki faɗa, har ki ƙara da cewa akwai kula ɗaya da maƙwabciya ta ara ranar suna, har yau ba ta dawo da murfinta ba. To madalla. Amma lido nawa ne a gidanki? Kartar Whot kwali nawa? Kuma a cikinsu, nawa ne za a iya ɗaukowa yanzu-yanzu a zauna a yi wasa, ba tare da an aiki yaro ya ɗebo wake ko tsakuwa a cike gurbi ba?

Na san wata ta yi dariya, ta ce yau kuma Hajiya ta rasa abin magana sai lido. Ki bari dai mu je, za ki ji inda zancen ya nufa.

A gidana abin ya faru. Kun tuna shekarar 2020, lokacin da aka kafa dokar hana fita saboda cutar korona, maza suka ɗanɗani zaman kulle su ma, suka gane ashe abin da muke yi ba ƙaramin aiki ba ne. To a 'yan makonnin nan maigida da samarin gida suka rasa abin yi, sai wasa. Duk ranar da aka buɗe gari aka fita cefane, sai wani ya dawo da lido ko karta. Daga nan abin ya zama jiki. Bayan shekaru, ana gab da babbar Sallah, muka fitar da kayan ɗaki za a yi fenti. Da aka ja gado, aka sauke abin da ke kan kabad, aka zazzage buhun da ke lungu, sai ga lido 5, kartar Whot kwali 6, allon diraf ɗaya, Scrabble ɗaya da ƙanen maigida ya kawo wa yara tsaraba, da wani ayo na katako da na manta ma muna da shi. Wallahi da a ce kafin ranar wani ya tambaye ni, lido biyu zan ce muna da su, kuma har rantsuwa zan iya yi.

Sai na zaunar da yara muka ƙirga. Kowane lido 'ya'yansa 16 ne, kala huɗu, kowace kala huɗu-huɗu. Lido 5 ke nan ya kamata a samu 'ya'ya 80. Mu 51 muka samu: ja 15, kore 14, shuɗi 13, ruwan ɗorawa 9. Shi kuwa dayis, ɗan abin nan mai ɗigo-ɗigo da ake kaɗawa a ƙoƙo, guda 3 kacal ya rage. Babu lido ko ɗaya a cikin biyar ɗin da yake cikakke shi kaɗai. Kin ga yadda abin yake tafiya: ɗa ɗaya ya ɓace, yara su yi ta rigima kan wa zai ɗauki kalar da ba ta cika ba, a kai ƙara wurin Baba, shi kuma don a zauna lafiya ya sayo sabo. Tsohon a cilla shi ƙarƙashin gado. Bayan wata biyu sabon ma ya bi sahu. Kuɗin lido biyar aka kashe, amma ko ɗaya ba ma morewa yadda ya kamata. A wannan zamani da ake auna shinkafa da gwangwani, ai wannan ɓarna ce, komai ƙanƙantarta.

Tun ranar na canja yadda nake ƙirga. Abin da nake kira lido shi ne wanda allonsa lafiya, 'ya'yansa 16, dayis ɗinsa biyu kamar yadda muke bugawa a nan. Wanda bai cika haka ba, ba ya shiga lissafi. Ai ke ma in tukunya ta huje ba kya sa ta cikin tukwanen girki, ko da kuwa tana nan a ajiye a madafa.

Saboda haka abu na farko shi ne ki san yawan kayan kowane wasa, don in ba ki san yadda ya zo ba, ba za ki san abin da ya ɓace ba. Maciji da tsani, wanda sau da yawa yake a bayan allon lido, gidajensa 100 ne, kuma da 'ya'yan lidon ake yinsa, shi ba shi da wahala. Diraf irin wanda mazanmu ke bugawa a majalisa, kowane ɓangare 'ya'ya 20, duka 40. Ayo na Yarabawa, wanda 'yan'uwanmu na zangon Kumasi suka sani da suna oware, ramuka 12 ne da 'ya'ya 48, kowane rami huɗu, don haka ƙirga shi sauƙi gare shi: ki zuba huɗu-huɗu, ramin da ya gaza zai nuna kansa.

Scrabble shi ne mai tsada a cikinsu, kuma shi ne ya fi saurin lalacewa a hannun yara. Haruffansa 100 ne, biyu daga ciki ba rubutu a kansu. Harafin E guda 12 ne, in ɗaya ya ɓace wasa zai tafi. Amma J da K da Q da X da Z kowanne ɗaya tak ne, in ya faɗa kwata shi ke nan. Kada ki raina wannan wasa. A shekarar 2015 wani ɗan Nijeriya mai suna Wellington Jighere ya ci gasar duniya ta Scrabble a birnin Perth na ƙasar Ostireliya, kuma shi ne ɗan Afirka na farko da ya ci ta. In kina da ɗan makaranta da ke fama da Turanci, wannan kwali ya cancanci ki adana shi kamar yadda kike adana sarƙarki.

Karta ita ce mai ɗan rikici, bari in tsaya a kanta. Whot ɗin nan da muke ganin kamar tamu ce, asalinta daga Ingila take, wani Bature mai suna William Storey ya fito da ita a 1935, sai dai ta fi samun gida a nan wajenmu fiye da can. Cikakken kwali kati 54 ne. Mai ƙwallo 12, mai kusurwa uku 12, mai kuros 9, mai kusurwa huɗu 9, mai tauraro 7, sai masu lamba 20 guda 5. Abin da zan ja miki kunne a kai: babu lamba 6 kuma babu lamba 9 a cikinta, haka aka yi ta. Na taɓa ɗaga katifa da tabarmi ina neman shida, har na yi wa yaro faɗa a banza, ashe tun asali babu. Kuma tunda kamfanonin da ke bugawa suna da yawa, dabarar da ta fi ita ce ranar da aka sayo kwali sabo ki ƙirga shi nan take, abin da kika samu ki rubuta a jikin kwalin. Wannan shi ne ma'auninki daga baya.

To, yanzu sai maganar rubutawa. Ki nemi ɗan littafin rubutu na yara, ko wanda aka yi rabi aka bari ya isa. Kowane wasa ki ba shi layinsa: sunansa, na wane ne, kayansa nawa ya kamata su zama, nawa ne ake da su yau. Wadda ta iya boko ta rubuta da boko, wadda ajami ta iya ta rubuta da ajami, littafinki ne, ba malamin da zai duba. Wadda ba ta iya ko ɗaya ba, kada ta ce abin ya wuce ta. Iyayenmu da ba su taɓa riƙe alƙalami ba sun riƙe adashi na mutum ashirin ba kuskure. Ki zana hoton abin, ki ja 'yan layuka a gabansa, kowane layi ɗa ɗaya. Ko ki kira ɗiyarki 'yar firamare ki ce ita ce magatakarda. Ni autata na ba wa aikin, kuma ta fi ni tsanani, yayyenta har tsoronta suke ji ranar ƙirga.

Ranar farko kashi uku za ki yi. Masu lafiya gefe guda. Waɗanda za su gyaru in an haɗa su da 'yan'uwansu gefe guda. Matattu gefe guda. Mu da muka zube 'ya'yan nan 51 wuri ɗaya, lido biyu cikakku suka fita, saboda ruwan ɗorawa 9 ne kawai, ba zai kai na uku ba. Dayis ɗaya muka saya muka cike. Ragowar 'ya'yan na zuba su a gwangwani na rufe, su ne kayan gyara, duk wanda ya ɓace daga nan ake ɗaukowa, kuma a rage a littafi. Tun daga lokacin ba a ƙara sayo lido a gidan nan ba. Karta ma ana haɗawa, amma ki duba bayanta ya zama iri ɗaya. In bayan ya bambanta, ko wani kati ya fi sauran tsufa, yara za su haddace shi, mai wayo ya riƙa gane abin da ke hannun ɗan'uwansa, a ƙare da kuka.

Allon lidon da gilashinsa ya fashe kuwa, kada ki ce za ki ajiye, hatsari ne, a fitar da shi. In kina da 'ya'ya ba allo, ga wata dabara. Shi lido asalinsa wasan mutanen Indiya ne da suke kira pachisi, Turawan Ingila suka sauƙaƙa shi suka yi masa rajista da sunan Ludo a 1896. Su Indiyawa a kan ƙyalle suke ɗinka gidajen wasan, da wuri kuma suke jefawa maimakon dayis. To ke da kika iya ɗinkin hula da kwalliyar zanen gado, me zai gagare ki? Ki sa tsohon allon a gaba ki kwaikwayi gidajen a kan yadi mai kauri. Ba ya fashewa, in ya yi datti a wanke, in an gama a naɗe 'ya'yan a ciki a ɗaure.

Sai kuma iyaka. In ba ki sa wa abu iyaka ba, littafin ma cika zai yi. Ni ba lamba na sa ba, akwati na sa. Akwai wani tsohon akwatin ƙarfe na lefena, na ce duk wasannin gidan nan a cikinsa za su zauna, abin da bai shiga ba ba shi da wuri. In sabo zai shigo, sai wani ya fita. Ƙarfen ma ya taimaka, don gara da kyankyaso da laimar damina su ne ajalin kwali. Kuma duk wasan da aka yi Sallah, wata Sallar ta zagayo ba wanda ya taɓa shi, to ya nuna ba namu ba ne. Haka ayon nan ya tafi gidan ƙanwata, yaranta suna ta murna. Amma don Allah in za ki bayar, ki ba da cikakke. Kada ki kwashe tarkacenki ki aika wa marayun maƙwabta ki ce kin yi sadaka. Abin da ya sa ɗanki kuka shi zai sa nasu.

Maganar aro ita ce inda zumunci ke shiga. Mu da ba ma fita, yara ne ƙafafunmu. Yarinya za ta yi sallama ta ce, wai in ji Mamana a ara mata lido, ta yi baƙi. Ba ki ga uwar ba, ita ma ba ta gan ki ba, tsakaninku sai yarinya 'yar shekara bakwai da ke tafe tana tsalle. Kwana uku lido ya dawo da ɗa 14. Ke ki ce sun zubar, ita ta ce haka ya zo mata, kuma kowacce a zuciyarta gaskiya take faɗa, don ba wadda ta ƙirga. Na san maƙwabta biyu da suka yi watanni ba sa aika wa juna ko ƙosan sadaka, kuma da aka bi diddigi, kwalin karta ne mafari. Saboda haka ki ƙirga a gaban 'yar aiken, ki ce da ita, kin gani ko, goma sha shida ne, ki gaya wa Mamanki. Ki rubuta ranar da gidan. Ba rowa ba ce. In ya dawo a gaza, kina da gwangwanin gyara, ki cike ki yi shiru, kin dai san inda aka kwana.

Gidan da ake da abokiyar zama kuwa, layin nan na "na wane ne" shi ya fi kowanne amfani. Wanda kika saya da kuɗin sana'arki naki ne, wanda ta saya nata ne, wanda maigida ya kawo wa yara duka a rubuta "na gida", a ajiye inda kowane ɗaki zai iya ɗauka. Faɗan yara kan lido ba ya tsayawa a kan yara, mun sani.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ce ki bari mu je. Wadda ke da mai rarrafe ko ɗan shekara biyu, ta matso kusa da rediyo.

Ɗan lido da dayis daidai bakin yaro suke, ga kala mai kyau kamar alewa. Shi ya sa za ki ga a jikin wasu kwalaye an zana fuskar jariri da lamba 0-3 an ja layi a kai, ma'ana ba na yaron da bai kai shekara 3 ba ne. In kin san 'ya'yanki 16 ne, aka tashi daga wasa kika ƙirga kika samu 15, ba za ki kwanta ba sai an ɗaga tabarma an nemo shi. In kuwa ba ki san adadinsu ba, to mai rarrafe ne zai samo miki shi da safe, ke kina can kina wanke-wanke. Shi ya sa a gidana doka ce, ba a rufe akwati sai an ƙirga, ko da kuwa an ɗauke wuta, da tocila za a yi.

Waken da ake cike gurbi da shi ma ya fi ɗan lidon sharri, don shi hanci yara ke tura shi, kuma in ya ji laima kumbura yake yi. In kika ga yaro yana fitar da majina mai wari ta ƙofar hanci ɗaya kawai, ki yi zargin akwai abu a ciki. Kada ki sa tsinke ko ashana ki ce za ki zaƙulo, ƙara tura shi za ki yi. A kai shi asibiti.

In kuma abu ya maƙale a maƙogwaro, Allah ya kiyaye, ki duba. Yaron da ke tari da ƙarfi, ki bar shi ya yi tarin, kina kusa. Wanda ya kasa tari, ya kasa kuka, numfashi ba ya fita, shi ne ba a jira. In jariri ne da bai kai shekara ba, ki kifa shi a kan hannunki bisa cinyarki, kansa ya yi ƙasa da ƙirjinsa, kina tallafe da haɓarsa, ki buga tsakanin kafaɗunsa da tudun tafin hannu sau 5. In bai fito ba ki juyo shi, ki danna tsakiyar ƙirjinsa da yatsu biyu sau 5, ki sake komawa bayan. Kina yi kina ƙwala kira a nemo abin hawa. Kada ki zura yatsa kina lalube a inda ba ki ga komai ba, kada kuma ki ɗura masa ruwa. Kuma wannan magana ki yi ta da maigida tun yau da lafiya: in irin haka ta taso ba ya gida, ya ba ki izini tun yanzu ki fita da yaro zuwa asibiti ba sai an neme shi a waya ba. Ba na jin akwai uban da zai hana, amma an sha samun uwa ta tsaya a zaure tana jiran izini saboda ba a taɓa yin zancen ba.

Na san akwai masu sauraro da tun ɗazu suke cewa, to Hajiya, shi lidon ma ya halatta? Tambaya ce mai kyau, kuma ni ba malama ba ce. Abin da na sani shi ne, a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Sahihu Muslim akwai hadisan da suka yi hani ga wasan nardu, wanda da dayis ake yinsa, kuma malamai da yawa suna sa lido a ƙarƙashin wannan hani. Ki tambayi malamarku ta Islamiyya, ko maigida ya tambayo miki. Inda babu ja-in-ja shi ne sa kuɗi, ko da naira biyar ce ko alewa, caca ce. Haka wasan da zai sa a kira salla ana cewa bari in ci wannan gidan tukuna. In kin yanke shawarar fitar da masu dayis daga gidanki, littafin nan zai nuna miki ko guda nawa ne da inda suke, ba sai kin fitar da biyu uku suna ƙarƙashin gado ba.

Kuma ko an fitar da su yara ba za su rasa abin yi ba. Darar iyayenmu ba dayis a cikinta, ba a sayen ta a kanti: ramuka 30 a ƙasa, layi 5 kowanne rami 6, wannan ya ɗauki tsinke 12, wancan tsakuwa 12, a yi ta dabarar jera uku. Ki roƙi kakansu ya koya musu in ya zo gaisuwa, zai ji daɗi ma an tuna da shi. Ke kuma ki koya wa 'yan matan carafke. Sai dai tsakuwar ma, in akwai mai rarrafe a tsakar gidan, a ƙirga ta kafin a tashi.

Lokaci ya yi mana halinsa. Wadda ta ja gadonta a wannan mako, ta aiko mana da abin da ta samu a ƙarƙashi, za mu karanta a fili ba tare da faɗin suna ba. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa.